Sikirif ya ce "an adana", tebur kuma wayam: ina bayanan suka maƙale?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Mabera, nan Sakkwato. Na rubuta ɗan sikirif da Python wanda ke karanta sunayen ɗalibai daga Excel yana zuba su cikin rumbun bayanai na MySQL da ke cikin XAMPP, kunshin manhajojin da na girka. Yana gudu har ƙarshe, bayan kowane suna ya buga mini 'an adana', babu wani jan rubutu. Amma in na buɗe phpMyAdmin, shafin da nake duba rumbun da shi, sai in iske teburin wayam. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da na saka ɗalibi guda da hannu, lambarsa ta fito 641 maimakon 1. Da PHP na saba aiki, kuma ban taɓa ganin irin wanga abu ba. Don Allah mi ka faruwa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, umarnin INSERT yana fita daga sikirif ɗinka, babu ƙorafi daga ko'ina, amma babu layi ko ɗaya da ya zauna a tebur. Ka kyauta da ka ambaci lambar nan 641 da kuma cewa daga PHP ka fito, domin waɗannan biyun sun kusan warware matsalar tun kafin a ga abin da ka rubuta.

Bari mu fara ajiye "an adana" ɗin nan a gefe. Kai ka rubuta wannan jumla, kai ka zaɓi inda za ta fito. Abin da take nunawa kawai shi ne Python ya iso layin print bai faɗi a hanya ba. Rumbun bayanai bai ce maka komai ba. Idan bayani ya ɓace tsakanin sikirif da tebur, ɗayan huɗu ne: ko bai isa rumbun ba, ko ya isa an ƙi karɓarsa ba ka ji ba, ko an karɓa amma ba a tabbatar ba, ko kuma yana nan lafiya lau kai ne ke leƙa wani wuri daban. Naka ya fi kama da na uku.

Abin da lambar 641 ke faɗa

Gurbin lamba mai hawa da kansa, wato wanda aka sa wa AUTO_INCREMENT, yana da wata ɗabi'a a InnoDB, injin da MySQL ke ajiye bayanai da shi: da zarar ya ba da lamba ba ya karɓarta, ko da daga baya an soke layin da aka ba. Tunda ɗalibinka na hannu ya samu 641, an riga an raba lambobi 640 kafin shi. Ko ɗalibai 640 ne sau ɗaya, ko 320 ne ka gudanar sau biyu, kai ka san yawan yaranka. Ma'ana, umarninka ya isa sabar (server), wato manhajar da ke riƙe da rumbun, ya shiga rumbun da ya dace, ya taɓa ainihin teburin da kake dubawa. Wannan kaɗai ya kawar da zargin kalmar sirri, da adireshin saba, da sunan tebur. Layukan sun shiga, sannan aka janye su.

Abin da ke janye su shi ne rashin commit. Rumbunan bayanai irin MySQL da PostgreSQL da SQLite suna ɗaure ayyuka ƙulli-ƙulli, abin da za ka gani a littattafai da sunan transaction. Duk abin da ka yi cikin ƙulli ɗaya na wucin gadi ne har sai ka ce commit. In ka ce rollback, ko haɗinka da sabar ya yanke kafin ka ce komai, sai a mayar da tebur yadda yake tun farko. Kamar ciniki ne a kara: an taya, an yi ta ja-in-ja, har dillali ya kama igiyar sa, amma muddin mai shi bai ce "na sallama" ba, in kasuwa ta watse sa gidan ubangidansa zai koma. Sikirif ɗinka yana tayawa sau 640, ya tashi ba a sallama ba.

Dalilin da ya sa ba ka taɓa gamuwa da wannan a PHP ba shi ne, MySQL da kansa yana zuwa da autocommit a kunne, wato kowane umarni yana tabbata nan take, kuma mysqli da PDO, hanyoyin da PHP ke magana da rumbu, sun bar shi a haka. Python ya ɗauki wata hanya. Ƙa'idar da masu rubuta direbobin rumbun bayanai na Python (manhajojin da ke haɗa sikirif da rumbu) ke bi, PEP 249, wadda ta fito a 1999, ta ce a fara da autocommit a kashe. Saboda haka mysql-connector-python da PyMySQL da psycopg2 duk suna jiran ka kira commit da kanka. Shi ma sqlite3 da ke zuwa tare da Python yana buɗe ƙulli a ɓoye kafin INSERT, kuma in ka rufe ba ka tabbatar ba, aikin ya tafi.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara rikita mutane a nan. Na farko, a MySQL umarni irin CREATE TABLE da ALTER TABLE suna tabbatar da kansu. Shi ya sa za ka ga sikirif ɗaya ya ƙirƙiri tebur, teburin ya zauna daram, amma layukan da suka biyo baya ko sama ko ƙasa. Na biyu, tsohon injin MyISAM ba shi da ƙulli sam, duk abin da ka zuba ya zauna. Daga MySQL 5.5 ne InnoDB ya zama injin da ake samu kai tsaye in ba a zaɓi wani ba. Don haka akwai tsofaffin darussa a intanet da babu commit a cikinsu, kuma a zamaninsu suna aiki. Wanda ya kwafo su yau sai ya shiga irin halin da kake ciki.

Gyaran, da inda ya kamata a sa shi

Ga yadda zan tsara shi in ni ne:

```
con = mysql.connector.connect(host="127.0.0.1", user="...", password="...",
                              database="makaranta", charset="utf8mb4")
cur = con.cursor()
try:
    for suna, aji, waya in jerin_dalibai:
        cur.execute("INSERT INTO dalibai (suna, aji, waya) VALUES (%s, %s, %s)",
                    (suna, aji, waya))
    con.commit()
    print("an adana")
except Exception:
    con.rollback()
    raise
finally:
    con.close()
```

Ka lura commit na con ne, ba na cur ba. Ka kuma tabbata ka sa masa baka biyun nan na ƙarshe, wato (), domin in ka rubuta con.commit kawai Python ba zai yi ƙorafi ba, kuma ba zai yi komai ba. Sannan con ɗin da ya haifi cur shi ne za ka tabbatar. Na sha ganin sikirif mai wani aiki da ke buɗe sabon haɗi duk lokacin da aka kira shi, sai mutum ya yi INSERT a haɗi ɗaya ya yi commit a wani. Kowane haɗi da nasa ƙullin.

Za ka ji wasu na cewa ka sa autocommit=True ka huta. Zai yi aiki, amma ga irin aikinka ban ba ka shawara ba. Ka ɗauka ana cikin zuba sunaye wuta ta ɗauke, kwamfutar ofis kuma ba ta da batir, an tsaya a ɗalibi na 300. Da autocommit, yanzu kana da rabin makaranta a tebur, in ka sake gudanarwa 300 na farko su shiga sau biyu, ka kwana kana tsince su. Da commit ɗaya a ƙarshe kuwa, ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga, in wuta ta dawo ka sake daga farko hankali kwance. Ga sauri kuma: InnoDB yana rubuta wa faifai a kowane commit, don haka tabbatar da layi ɗaya-ɗaya ya fi jinkiri nesa ba kusa ba. In bayanai sun kai dubban ɗaruruwa, sai a riƙa tabbatarwa kashi-kashi, misali bayan kowane layi 1,000, ana rubuta inda aka tsaya. Sunayen makaranta guda ba su kai nan ba.

Kalmar with ta Python, wadda wasu ke buɗe haɗi da ita, ita ma tana da tarko, domin ma'anarta ta bambanta daga direba zuwa direba. A sqlite3 da psycopg2, with con yana yin commit in an fita lafiya, ya yi rollback in an samu kuskure, amma ba ya rufe haɗin. A wasu direbobin aikinsa rufe haɗi ne kawai. Ni dai nakan rubuta commit ƙarara, kowa ya gani da idonsa.

Yadda za ka tabbatar ba tare da kame-kame ba

Kada ka gwada da SELECT daga cikin sikirif ɗin kafin commit. Haɗin da ya zuba layuka yana ganin abinsa tun ba a tabbatar ba, zai ce maka 640 suna nan, kai kuma ka ɗora laifi kan phpMyAdmin. Haka cur.rowcount da cur.lastrowid, suna nuna umarni ya gudana ne kawai. Shaidar da ake karɓa ita ce ta haɗi na biyu. Bayan con.close(), ka buɗe sabon haɗi ka ƙirga da SELECT COUNT(*), ka kwatanta da yawan layukan Excel, sannan ka buga saƙon nasara. Duk sikirif ɗin shigar da bayanai da na rubuta wa mutane, da wannan ƙidayar yake ƙarewa.

In kana son ka gani da idonka, MySQL yana da littafin da ke rubuta duk umarnin da ya iso shi. Ka shiga phpMyAdmin ka ba da SET GLOBAL log_output='TABLE' sannan SET GLOBAL general_log=1, ka gudanar da sikirif, ka duba teburin mysql.general_log. In hasashena daidai ne, za ka ga jerin INSERT reras, babu COMMIT a ƙarshensu. Ka kashe shi da ka gama, yana cika faifai da sauri.

Abin da zai iya biyo bayan gyaran

A nan zan ɗan daɗe, domin ga wanda ke shigar da sunayen mutanenmu, commit rabin aiki ne. Ka ce babu jan rubutu. To ka duba ko akwai except mai pass a ƙarƙashinsa, wato mai kama kuskure ya yi shiru, ko wanda ke buga wani saƙo ya wuce. Irin wannan yana haɗiye ƙorafin rumbun. Layin da aka ƙi karɓa saboda maimaici shi ma yana cin lamba, don haka giɓin lamba kaɗai bai wanke ka daga wannan ba. Abin da ya sa na fi karkata ga commit shi ne teburin babu ko layi ɗaya. Da ƙin karɓa ne, da wuya a ƙi duka. Kai da ka fito daga PHP ma ka san shirun nan: kafin PHP 8.0, PDO ba ya ɗaga murya in umarni ya faɗi sai ka sa shi, mysqli kuwa sai a 8.1 ya fara jefa kuskure da kansa.

Da ka buɗe wa kurakurai baki, na farkon da nake sa ran za ka gani shi ne 1064, kuskuren tsarin umarni, kuma a kan sunaye irin Sa'adu, Asma'u, Mu'azu, Shu'aibu da Ya'u zai fito. Alamar hamzar nan ita ce SQL ke amfani da ita wajen buɗe rubutu da rufe shi. In kana cusa sunan kai tsaye cikin rubutun umarni, da f-string ko da alamar tarawa, Asma'u za ta rufe rubutun a bayan "Asma", sauran ya zama shirme. Wanda ya gwada sikirif da John da Mary ba zai taɓa ganin wannan ba, amma a ajin Sakkwato da wuya ka wuce suna goma ba ka ci karo da shi ba. Kada ka ce za ka goge alamar daga sunayen yara, sunansu ne, kuma haka zai fito a takardar sakamako. Ka yi amfani da %s kamar yadda na nuna a sama, ka miƙa bayanan daban, direba ya san yadda zai yi da su. Wannan hanyar ce kuma ke toshe ƙofar da masu kutse ke bi su cusa nasu umarnin. Ka kula, ba a sa wa %s alamar zance, kuma in bayani ɗaya ne tak za ka miƙa, sai ka rubuta (suna,) da waƙafi.

Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Babu su a tsarin latin1, wanda shi ne tsarin haruffan da MySQL ke zuwa da shi har zuwa 5.7; a 8.0 ne aka koma utf8mb4. In teburinka latin1 ne, suna irin Ɗanjuma ko Ɗahiru ko dai a ƙi shi da kuskure 1366, ko ya shiga a matsayin ?anjuma. Ka ba da SHOW CREATE TABLE dalibai ka ga abin da ke rubuce a ƙarshe. Tebur da haɗi duka su zama utf8mb4.

Na uku, lambar waya. Mutane da yawa suna ba ta gurbin INT saboda ai lamba ce. INT ba ya wuce 2,147,483,647, lambobinmu kuwa ko an cire sifilin farko suna farawa ne daga biliyan bakwai zuwa tara. Sakamako, ko kuskure 1264, ko kuma duk iyayen makaranta su tashi da lamba ɗaya, 2147483647. Ko ka koma BIGINT sifilin farko zai faɗi. Lambar waya da NIN rubutu ne, ba a tara su ba a raba su, ka ba su VARCHAR. Shi kansa Excel yana cinye sifilin nan tun kafin Python ya gani, har ya nuna maka abu irin 8.03E+09, don haka ka duba fayil ɗin ma.

Ranar haihuwa kuma MySQL yana son shekara, wata, rana, kamar 2014-03-25. In ka ba shi yadda muke rubutawa, rana a gaba, ko ya ƙi ko ya ajiye kwanan da ba shi ba ne. Gurbin da aka bari babu komai a Excel, in da pandas kake karantawa, wato manhajar Python mai sarrafa teburori, yana zuwa a matsayin NaN, wanda ba ɗaya yake da None ba, sai ka juya shi kafin ka aika. Sauran sanannu ne: 1048 in ka bar gurbin dole babu komai, 1406 in rubutu ya fi gurbinsa tsawo, 1452 in ka ba ɗalibi ajin da babu shi a teburin azuzuwa.

Ka ga ina ta cewa "ko ya ƙi, ko ya lalata". Abin da ke raba biyun shi ne saitin da ake kira sql_mode. Daga MySQL 5.7 tsarin tsanani yana zuwa a kunne, yana ƙin bayanin da bai dace ba. Amma ana iya kashe shi a fayil ɗin saiti, kuma abin da ke cikin XAMPP a yanzu MariaDB ne, ɗan'uwan MySQL, da nasa saitin. Ka ba da SELECT @@sql_mode ka nemi STRICT_TRANS_TABLES. In babu, ka kunna. Gara rumbu ya yi maka tsawa yau da ka gano a ƙarshen zango cewa lambobin iyaye duk sun lalace.

Sai 1062, maimaici. In ka sa UNIQUE a kan suna, ka cire. A garin da aji ɗaya zai iya ɗaukar Abubakar Bello uku, suna ba ya bambance mutum. Lambar shiga makaranta ce ke yin wannan. Kuma ka guji INSERT IGNORE a matsayin magani. Yana mayar da kuskure gargaɗi, ya tsallake layin shiru, sai ka ba da SHOW WARNINGS kafin ka san an yi. Ga masu PostgreSQL da ke karanta wannan, naku ya fi tsanani: layi ɗaya ya faɗi, ƙullin gaba ɗaya ya lalace, duk umarnin da ya biyo baya ba a saurarensa, kuma commit ɗin da kuka yi a ƙarshe rollback zai zama. A MySQL yawanci layin da ya faɗi ne kaɗai ke fita, sauran suna jiran commit.

In bayanan suna nan, ido ne ke wani wuri

Wannan bai shafe ka ba tunda lambarka ta motsa, amma yana da yawa har ya cancanci a ambata. An taɓa kirana wani kemis a cikin gari, manhajarsu ta SQLite tana cewa ta adana magungunan da aka shigar, mai shagon kuma in ya buɗe fayil ɗin bai ga sababbi ba. Commit yana nan daidai. Abin da ya faru, an rubuta sunan fayil ɗin ne kawai babu cikakkiyar hanyarsa, SQLite kuwa in bai iske fayil a inda aka tashe shi ba, sabo yake ƙirƙira bai tambayi kowa ba. Da yake akwai CREATE TABLE IF NOT EXISTS a farkon sikirif ɗin, sabon fayil ya samu teburinsa, komai ya tafi sumul. Muka iske fayil biyu masu suna ɗaya a manyan jakunkuna daban-daban, kowanne da rabin kayan shago. Layi ɗaya, print(os.path.abspath(...)), shi ya tona asirin.

A MySQL kwatankwacin wannan shi ne saba biyu a kwamfuta ɗaya, ta XAMPP da wata da aka girka daban, ɗaya a ƙofa 3306 ɗaya a wata. SELECT @@hostname, @@port, DATABASE() daga sikirif da kuma daga phpMyAdmin zai nuna ko wuri ɗaya suke magana. Haka nan in kana dubawa daga wani haɗi da ya daɗe a buɗe da autocommit a kashe, InnoDB zai ci gaba da nuna maka hoton tebur na lokacin da ka fara karantawa, saboda matakin REPEATABLE READ da yake kai, har sai ka rufe wancan ƙullin.

Game da lambar 641 ɗin, ba ta da wata illa, rumbu bai damu da giɓi ba. In dai kana son farawa daga 1 don tsafta, TRUNCATE TABLE dalibai zai share teburin ya mayar da ƙidaya farko, amma ka tabbata babu abin da kake so a ciki, domin shi ba a janye shi da rollback. Kada dai ka mayar da wannan lambar ta zama lambar shiga makaranta ta ɗalibi, ka ba wannan gurbinta daban.

Duk wannan na gina shi ne a kan bayaninka, sikirif ɗin kansa bai zo hannuna ba. In kana amfani da SQLAlchemy, wata manhajar Python ta mu'amala da rumbu, ko to_sql na pandas, wurin da ake tabbatarwa ya ɗan bambanta: a SQLAlchemy 2.0, engine.connect() yana jiran commit, engine.begin() kuwa yana yi da kansa in an fita lafiya. In ka sa commit, ka cire duk except mai haɗiye kuskure, abin bai gyaru ba, ka turo mini layukan haɗi da na INSERT, da sakamakon SHOW CREATE TABLE, da cikakken jan rubutun da ya fito. Ka goge kalmar sirri kafin ka turo, kuma ka musanya sunayen yaran da lambobin iyayensu da na ƙirƙira, amma ka bar hamza da haruffa masu lanƙwasa a cikin na ƙirƙirar. Allah ya taimaka.